Binciken LeVine a kan Himmar Samarin Nijeriya

Dreams and Deeds littafi ne wanda Robert A. LeVine, masanin al'adu ɗan Amurka, ya wallafa a maɗaba'ar Jami'ar Shikago a shekarar 1966, inda ya kwatanta himmar neman ɗaukaka a tsakanin samarin Hausawa da Yarabawa da Ibo masu karatu a makarantun sakandaren Nijeriya. An sa kowane ɗalibi ya rubuta mafarkinsa, kana ya yi insha'i a kan yadda yaro ke zama mutum mai nasara, sa'an nan aka auna mafarkan bisa ma'aunin da aka ɗauko daga aikin masani David McClelland.

Alamun fafutukar kai sun fi yawa a mafarkan Ibo, na Yarabawa suka biyo baya, alhali kuwa insha'in Hausawa ya fi ambaton ladabi da biyayya. LeVine ya danganta wannan hali na Hausawa ga tsarinsu na sarauta da barantaka na da, wanda a cikinsa bara kan sami muƙami ta hanyar riƙon amana da hidima ga ubangidansa, kamar yadda masani M. G. Smith ya bayyana a 1960 game da masarautar Zazzau. Samari maza kaɗai binciken ya ƙunsa.