Tsaraba kafin Kewa: Mai Dawowa Gida a Finafinan Nijar na Farko

Tun da Hamid Naficy ya fitar da littafinsa An Accented Cinema a 2001, nazarin finafinan ƙaura ya samu ma'aunin da ake yawan komawa gare shi: ƙasar baƙunci ƙunci ce, gida kuwa fili ne mai yalwa da baƙo ke kwana yana begensa. A ganina wannan ma'auni bai zauna wa finafinan Nijar na farko ba. Abin da ke jan matafiyi gida a cikinsu ya fi kama da bashi, kuma da isowarsa ake fara bin sa.

A Cabascabo (1969), Oumarou Ganda, wanda shi kansa ya yi wa Faransa soja a yaƙin Indocina, ya nuna tsohon soja ya dawo da kuɗin sallama. Abokai da maroƙa suka yi masa caa, ana kirari yana rabo, har aljihu ya bushe kowa ya watse. Ganda bai mai da mutanen nan mugaye ba, kuma nan ne ƙarfin fim ɗin yake. Haƙƙin da al'ada ta ba su suke karɓa, shi ma sojan ya san wanda ya dawo hannu rabbana ba ya iya ɗaga kai a unguwa. Haka samarin fim ɗin Jaguar na Jean Rouch: sun yi ci-rani a Akara da Kumasi, suka koma Ayoru suka rabar da abin da suka tara cikin ɗan lokaci, da rabon ne kuma suka sayi suna.

Za a ce Naficy yana magana ne kan masu shirya fim da ke zaune a Turai da Amurka, alhali Ganda a Yamai ya yi aikinsa, don haka bai kamata a tuhumi littafin kan abin da bai ɗauka ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ta rage faɗin da'awata. Sai dai tana nuna inda matsalar take: gida mai yalwar nan, mutumin da ya kasa komawa ne ke ganinsa haka. Ɗan ci-rani, da damina ke dawo da shi, lissafin wanda zai ba turmin atamfa da wanda zai ba goro yake yi tun daga tasha. Da wuya a fahimci Cabascabo in ba a fara da wannan lissafi ba.