Yoyon ruwa a gida: Matakan gaggawa kafin zuwan mai gyara

Fashewar bututu ko yoyon tankin ruwa na daga cikin matsalolin da kan auka wa magidanta ba zato ba tsammani, sau da yawa cikin dare, lokacin da samun mai gyaran famfo ke da wuya. Abin da mutanen gida suka yi a mintocin farko shi ne kan raba ƙaramar ɓarna da babbar asara.

A birane irin su Kano da Kaduna da Zinder, gidaje da dama na dogara ne da rijiyar burtsatse da kuma tankin da ake girkewa a sama. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, ke nan tanki mai cin lita 1,000 na ɗauke da tan guda na ruwa. Idan bututun da ke ƙarƙashinsa ya ɓalle, duk wannan ruwa cikin gida zai ƙare.

Matakin farko: wutar lantarki

Haɗari mafi girma ga rai shi ne haɗuwar ruwa da lantarki. Idan ruwan ya kusanci soket ko wayoyi, ko kuma yana zubowa daga silin, sai a kashe babban makunnin wutar gidan, amma da sharaɗin mai kashewar yana tsaye a busasshen wuri, hannunsa ma a bushe. Idan makunnin kansa ya jiƙe, kada a taɓa shi, a nemi mai gyaran wuta.

Ɗauke wuta ba tabbacin tsira ba ne, domin ana iya maido ta a kowane lokaci. Haka kuma gidan da ke da janareta ko na'urar hasken rana, dole su ma a kashe su.

Mataki na biyu: datse ruwan

Galibin gidaje na da babban makullin ruwa, ko dai kusa da mita inda bututun hukuma ya shigo, ko kuma a gindin tanki. Mai kai kamar na famfo ana murɗa shi ne ta dama, yadda hannun agogo ke tafiya. Mai dogon hannu kuwa, ana juya shi har hannun ya gitta bututun.

Sai kuma a kashe injin da ke turo ruwa zuwa tanki. Daga nan a buɗe famfunan gidan, musamman na ƙasa, a tari ruwan da ya rage cikin bututu a bokitai, don ƙarfinsa ya ragu a wurin da ya fashe.

Idan silin ya kumbura da ruwa, a fitar da yara da kaya daga ɗakin, domin yana iya ruftowa.

Gyaran wucin gadi

Ƙaramin tsagu a jikin bututu ana iya ɗaure shi da tsohuwar robar cikin tayar keke ko ta babur. A busar da wurin, a ja robar sosai, a nannaɗe ta har ta wuce tsagun ta kowane ɓangare, sannan a ɗaure da waya. Wannan dabara ce ta kwana ɗaya ko biyu, ba gyara ba ce.

Bututun ƙarfe tsatsa ce kan cinye shi daga ciki, na roba kuwa zafin rana kan busar da shi har ya riƙa tsagewa. Saboda haka idan tsohon bututu ya ɓule a wuri guda, mai yiwuwa sauran jikinsa ma ya raunana.

Yoyon da ba a gani

Ba kowane yoyo ne ke bayyana ba. Alamominsa sun haɗa da danshi a bango, da ɓarewar fenti, da warin rima a ɗaki, da tankin da ke ƙarewa da wuri fiye da yadda aka saba.

Mai mita zai iya rufe duk famfuna, ya rubuta lambar da ke jiki, ya sake dubawa bayan sa'o'i biyu. Idan ta sauya, akwai yoyo. Wanda ba shi da mita sai ya yi wa tanki alama da dare, ya duba da asuba. Tankin masai na zamani kuwa, ana ɗiga masa launin abinci, idan launin ya sauko cikin kwanon masan bayan minti 10 ba tare da an ja ruwa ba, to robar ciki ta lalace.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa na zubar da sama da galan 3,000 a shekara, wato fiye da lita 11,000. Wannan ya kai jarka 440 mai cin lita 25, irin wadda 'yan garuwa ke sayarwa.

Illa ga lafiya da gini

Bututun da ya ɓule ba ruwa kawai yake fitarwa ba. A unguwanni da dama bututai na bi ne ta cikin kwata, kuma idan aka ɗauke ruwa, ƙazanta kan kutsa ciki ta wurin ɓular, ta gauraya da ruwan sha idan ya dawo. Gurɓataccen ruwa shi ne babbar hanyar yaɗuwar kwalara da taifot. A shekarar 2021, hukumar daƙile cututtuka ta Najeriya ta ƙidaya mutane sama da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,500 kuma suka rasu. Don haka ya kamata a tafasa ruwan sha har sai an gyara bututun.

Ruwan da ya kwanta kuma matattarar sauro ce. A cikin ɗaki, fumfuna kan fara tsirowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ake son a kwashe ruwan nan da nan, a buɗe tagogi, a shanya katifu da darduma a rana. Ginin ƙasa ya fi shiga haɗari, domin danshi na cin gindin katanga sannu a hankali har ta faɗi.

Wa ke da alhakin gyara?

A bisa al'ada, bututun da ke kan titi na hukumar ruwa ne, wanda ke cikin gida kuwa na mai gida. Ɗan haya ya sanar da mai gidan ba tare da jinkiri ba, ya kuma ɗauki hotunan ɓarnar, don kauce wa taƙaddama kan kuɗin gyara. Yana da kyau a daidaita da mai gyara kan farashin aiki da na kaya kafin ya fara fasa bango.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ya dace duk wani baligi a gida, musamman matan da suka fi yini a ciki, ya san inda makullin ruwa da makunnin wuta suke, a kuma riƙa murɗa makullin lokaci zuwa lokaci don kada ya cije a ranar da ake buƙatarsa.