Alkamar da Aka Makara Shukawa a Fadamun Bagudo: Abin da Za a Iya Cetowa Kafin Bazara

Alkama amfanin sanyi ce. A arewacin Najeriya ana noma ta ne da rani ta hanyar ban ruwa, kuma lokacin shuka mafi dacewa shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, domin ta yi toho ta kuma cika ƙwaya a cikin hunturu. Ire-iren da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar, irin su Norman da Reyna 28, kan nuna cikin kimanin kwana 90. Wanda ya shuka a Nuwamba yakan yi girbi wajen ƙarshen Fabrairu. Wanda ya kai Janairu kuwa, zangarniyarsa za ta fito ne a Maris, lokacin da zafi a Kebbi ke doshin digiri 40. Da zarar zafi ya haura digiri 30, kwanakin cika ƙwaya kan ragu, ƙwayar ta fito a tsumbure.

Dalilan makara

Ƙaramar hukumar Bagudo tana iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma ta wannan yanki ne Kogin Neja ke shigowa Najeriya, kusa da Lolo da Illo. Kogin kan cika sau biyu a shekara: da ruwan damina, sannan da ruwan da ke gangarowa daga Gini da Mali, wanda kan iso daga wajen Disamba. Saboda haka wasu fadamun bakin kogi ba sa tsanewa da wuri. Akwai kuma jinkirin girbin shinkafar damina, da makarar isowar iri da taki na tallafi.

Fara da ƙidaya

Gonar da aka makara takan fito tsilli-tsilli, domin kowane tushe ba ya samun isassun kwanakin sanyi na yin 'ya'ya. Mako biyu zuwa uku bayan tsiro, manomi ya auna murabba'in mita ɗaya a wurare biyar ko shida, ya ƙirga tsirran da ke ciki, har da fangalin da suka fi lalacewa. Gonar da ta yi ƙaranci amma tsironta ya bazu daidai tana iya farfaɗowa. Wadda ke da manyan gibi ba za ta cike su ba. Sake shuka a Fabrairu asarar iri ce kawai.

Taki da ciyawa

Kimanin kwana 21 bayan shuka alkama ke fitar da saiwoyin da za su ɗauki tohonta. A nan ne yuriya ta fi amfani, a zuba ta tare da ban ruwa. Kashi na biyu ya biyo baya kafin kara ya miƙe. Takin da aka zuba bayan fitar zangarniya ba ya ƙara yawan zangarniya. Haka kuma bai kamata a ba gona mai ƙarancin tsiro takin cikakkiyar gona ba, domin ciyawa ce za ta cinye rarar. Cire ciyawa a makonni biyar na farko ya zama dole.

Ruwa da tsuntsu

Ban ruwa uku ne ba a wasa da su: na mako na uku, na lokacin fure, da na cika ƙwaya. Idan zafi ya shigo, a rage tazarar kwanaki, musamman a ƙasa mai yashi, a kuma fi yin ban ruwa da yamma. Gonar da ta nuna bayan maƙwabta sun girbe ita ce tsuntsun jan-baki kan taru a kai, don haka tana buƙatar tsaro da girbi cikin hanzari. Kada a ajiye tsumburarriyar ƙwaya a matsayin irin baɗi.

Lokacin haƙura

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin man injin ban ruwa ya zama babban kaso na abin da manomi ke kashewa. Idan kuɗin ban ruwan da ya rage ya zarce darajar buhunan da ake sa rai, gwamma a tattara ruwa da taki a fangalin da suka yi kyau, sauran a yanke wa dabbobi.

Inda siyasa ta shigo

Najeriya na shigo da fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da take ci, kuma yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya nuna haɗarin hakan. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa da alkama rance na Babban Banki a Nuwamban 2015. A Nuwamban 2023 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da noman alkama na rani a Jigawa, da tallafin Bankin Raya Afirka. Ana yawan auna irin waɗannan shirye-shirye da yawan buhunan da aka raba. Ma'aunin da ya fi dacewa da alkama shi ne ranar da iri ya isa hannun manomi a Illo ko Ka'oje, domin irin da ya iso a Janairu ya riga ya rasa makonnin sanyin da taki ba zai maye ba.