Antoni Janar a Jihar Kaduna

Antoni Janar shi ne babban lauyan gwamnatin jiha, kuma shi ne kwamishinan shari'a. Sashe na 195 na tsarin mulkin 1999 ne ya tanadi kujerar, bisa sharaɗin mai hawanta ya shekara aƙalla 10 da zama lauya.

A zamanin En'e, mutumin Ikara ko Makarfi ko Kudan ba ruwansa da wannan ofis. Rikicin gona da gado na alƙali ne, shari'ar kisa kuwa sai kotun Sarkin Zazzau. Antoni Janar na Jihar Arewa Bature ne da ke zaune a Kaduna: Hedley Marshall ya riƙe har 1962, Ian Lewis ya gaje shi. Ministan shari'a daban yake, Mamman Nasir ne ya riƙe daga 1961 zuwa 1966. Abin da ya kusanto da ofishin ga talaka shi ne dokar final kod, wadda ta fara aiki a 1960 bayan shawarar kwamitin Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Da sojoji suka soke kotunan sarakuna a 1967, manyan laifuka suka koma babbar kotu, inda lauyoyin gwamnati ke gabatar da ƙara.

Ƙarfin kujerar yana sashe na 211: Antoni Janar na iya shigar da ƙarar laifi, ya karɓe wadda 'yan sanda suka fara, ko ya janye ta kafin hukunci. A shari'ar Ilori ta 1983 Kotun Ƙoli ta ce kotu ba ta da hurumin tuhumarsa dalilin janyewa. Iko ne mai yawa a hannun wanda gwamna ya naɗa, kuma yake iya sallama gobe. Shi ya sa ake ta kiran a raba lauyan da kwamishinan.

Ma'aikatar shari'a ta sha aiki a mulkin Gwamna Ahmed Makarfi. Bayan rikicin shari'a na Fabrairun 2000, aka maye gurbin kotunan yanki da kotunan shari'ar Musulunci da na gargajiya a Nuwamban 2001. A zamanin Gwamna El-Rufa'i mata uku suka riƙe kujerar a jere, Amina Sijuwade da Umma Hikima da Aisha Dikko, aka kuma sabunta final kod a 2017.

A karkara, inda aka fi jin nauyin ofishin shi ne wajen tsare mutum. Idan aka kama wani a Hunkuyi da zargin fashi ko kisa, majistare ba shi da hurumin sauraro. Sai ya tura shi gidan yari, a aika fayil ga daraktan gabatar da ƙararraki. 'Yan uwa su sayar da rake ko tumatir su yi kuɗin mota, su zo kotu, a ce musu shawara ba ta fito ba, a ɗage zama. Wani yakan yi watanni a gidan yarin Zariya kafin lauyan gwamnati ya rubuta ko akwai tuhumar da zai amsa.