Ƙuma Bisa Ƙuma: Bin Sawun Wata Waƙar Barkwanci ta Turawa

Akwai wata 'yar waƙar raha da Turawan Ingila ke yawan kawowa, wadda ma'anarta ita ce, kowane ƙuma yana ɗauke da ƙananan ƙuma masu cizonsa, su ma suna da nasu, haka nan har illa ma sha Allahu. In ka tambayi Bature mai ita, galibi sai ya ce Jonathan Swift. Amsar nan rabinta ne gaskiya, kuma neman ɗaya rabin shi ne aikinmu yau.

Kafin waƙa dai, madubi ne ya buɗe hanya. A cikin 1665 Robert Hooke ya buga littafinsa Micrographia, inda ya zana ƙuma ƙato kamar dodo, yadda ya gan shi ta madubin nan mai kambama ƙananan abubuwa. Bayansa Antonie van Leeuwenhoek, wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya bi rayuwar ƙuma tun daga ƙwai, har ya lura wani ƙwaro da ya fi shi ƙanƙanta yakan afka masa tun bai gama rikiɗa ba. Watau maganar tana da tushe a binciken masana.

Swift kuwa, mawallafin Tafiye-tafiyen Gulliver, babban limamin cocin St Patrick ne a Dublin. A cikin 1733 ya fitar da doguwar waƙa mai suna On Poetry: A Rhapsody, kuma a cikinta ne baitocin ƙuma suka fara bayyana. To, amma a lura, shi ba ƙwari ne suka dame shi ba. Zambo yake yi wa marubuta waƙa na zamaninsa, yana nufin kowane mawaƙi yana da wani na bayansa, wanda bai kai shi ba, mai ci da sukarsa. Duk wanda ya san yadda makaɗan fada ke jifan juna da habaici ba zai sha wahalar gane manufar ba.

Sai dai kalmomin da ke bakin mutane yau ba na Swift ba ne. Na Augustus De Morgan ne, wanda aka haifa a Indiya a 1806, ya zama farfesan lissafi na farko a sabuwar jami'ar Landan a 1828. Ya rasu a 1871, shekara guda bayan haka matarsa Sophia ta buga littafinsa A Budget of Paradoxes, wanda ya tattara sharhinsa kan littattafan masu ra'ayoyin banmamaki. A nan ya sake ƙera baitocin, ya sauƙaƙa su yadda ko yaro zai haddace, sa'an nan ya ƙara abin da Swift bai faɗa ba: manyan ƙuman su ma suna bisa waɗanda suka fi su girma. Swift ƙasa kawai ya gangara, shi kuwa malamin lissafi sai ya buɗe tsanin ta kowane ɓangare, domin abin da ya ja hankalinsa shi ne jerin da ba ya ƙarewa. Zambon ya zube a hanya, kuma a ganina waƙar ta yi asarar dafinta, ko da yake ta sami farin jini.

Ta yaya sunan De Morgan ya ɓace? Swift ya fi shi suna nesa ba kusa ba, kuma siga biyun suna ɗauke da kalmomin Latin iri ɗaya masu ma'anar "ba iyaka", don haka mai ji da kunne ba zai bambanta su ba.

Sarƙar ma ba ta tsaya nan ba. A cikin 1922 Lewis Fry Richardson, a littafinsa kan hasashen yanayi ta hanyar lissafi, ya ɗauki ƙirar De Morgan ya cire ƙuma ya sa guguwa, don ya bayyana yadda babbar guguwa ke ciyar da ƙananan da ke cikinta, har ƙarfin ya ƙare a kaurin iskar kanta.