Janar Wade da Hanyoyin da Suka Yi wa 'Yan Tawaye Rana

Duk wanda ya bi titin A9 zuwa Inverness, a arewacin Sikotilan, a wurare da dama sawun wata tsohuwar hanya yake bi, wadda sojoji suka fasa kusan shekara 300 da suka wuce saboda tsoron tawaye.

Tushen maganar rikicin sarauta ne. A 1688 aka tuɓe Sarki James na gidan Stuart, ya gudu Faransa, amma ya bar magoya baya, musamman cikin dangogin da ke zaune a tsaunukan arewa, kowane dangi da shugabansa da mayaƙansa. Sun ta da ƙayar baya a 1715, suka sake a 1719. An murƙushe su, sai dai gwamnatin Landan ba ta samu barci ba. Mutanen dutse suna ratsa ƙasarsu a ƙafa yadda suka ga dama, sojan sarki kuwa, da keken kaya da igwa, ba shi da inda zai bi. Da aka yi dokar karɓe makamai a 1716, masu wayo suka miƙa tsofaffin bindigogi masu tsatsa, suka ɓoye na ƙwarai.

A 1724 Sarki George na Ɗaya ya aiki Janar George Wade, haifaffen Ailan, ya je ya gano masa halin da ake ciki. Wade ya ƙiyasta cewa akwai maza 22,000 da za su iya ɗaukar makami a yankin, kuma wajen 12,000 daga cikinsu ba abin dogaro ba ne. Shawararsa ita ce a ƙarfafa barikoki, a haɗa su da hanyoyi, a kuma ɗauki 'yan ƙasa masu biyayya aikin sintiri. Daga waɗannan 'yan sintiri ne rundunar Black Watch ta samo asali.

Aka ba shi kwamandan sojojin Sikotilan, ya shiga aiki. Tsakanin 1725 da 1737 sojojinsa sun shimfiɗa hanya mai tsawon wajen mil 250 da gadoji da dama, da diga da shebur da albarushin fasa dutse, suna aiki a watannin da sanyi ya lafa. Gadar da ya gina a kan kogin Tay a Aberfeldy a 1733 har yau motoci na hawanta. Aikin da ya fi ban mamaki shi ne na mashigin Corrieyairack a 1731, inda hanya ta yi ta lanƙwasa har ta haura sama da mita 750.

A nan ne kuma abin ya juye masa. A Agustan 1745 Charles Edward Stuart, jikan James, ya kafa tutar tawaye a Glenfinnan. Janar John Cope ya taho da sojojin gwamnati har Dalwhinnie, ya ji cewa 'yan tawaye sun riga shi zuwa Corrieyairack, sai ya karkata zuwa Inverness. Su kuwa suka gangaro ta hanyar Wade ba mai tare su, suka shiga Perth, suka kama Edinburgh, ranar 21 ga Satumba suka tarwatsa rundunar Cope a Prestonpans da sanyin safiya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bayan haka Wade ya sauka a Newcastle, tsoho mai shekara 72, yana jiran su ta gabas. Suka shiga Ingila ta yamma, suka yi wa Carlisle ƙawanya. Ya yunƙura ya kai ɗauki, amma bai wuce Hexham ba, ƙanƙara da munin hanya suka mayar da shi. A ganina an cika zargin tsufansa. Ko matashi ne ba zai ja igwa cikin wannan taɓo ba. 'Yan tawaye suka kai Derby a Disamba kafin su juya, kuma Cumberland, ɗan sarkin lokacin, shi ya gama da su a Culloden ranar 16 ga Afrilun 1746.

Gwamnati ba ta daina fasa hanya ba. William Caulfeild, wanda ya gaji aikin, ya shimfiɗa ninkin-ba-ninkin abin da Wade ya yi. Tsakanin Newcastle da Carlisle ma an yi sabuwar hanyar soja a shekarun 1750, aka rushe wani dogon sashe na ganuwar Hadrian, wadda Rumawa suka gina, aka yi ciko da duwatsunta. Mutane da yawa suna jingina wannan hanya ga Wade, alhali ya rasu tun 1748, kafin a sa mata diga.