Gwajin Ife da Harshen da Yaro Zai Yi Karatu da Shi

Tun da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar a watan Nuwamba na 2025 cewa an soke manufar koyarwa da harshen uwa, an koma Turanci tun daga ajin farko, mutane ke ta ka-ce-na-ce kamar sabon zance ne. Alhali gardamar ta haura shekara hamsin.

Ana tsakiyar yaƙin basasa, a 1969, aka yi babban taron manhajar karatu na ƙasa a Legas, domin a rabu da tsarin da Turawan mulki suka bari. Daga nan aka samu Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta ce a fara koyar da yaro da harshen gidansu ko na yankinsu. Amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa ya faru ne a Jami'ar Ife a 1970. Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa suka ɗauki wasu yara a wata firamare ta Modakeke, aka koya musu lissafi da kimiyya da sauran darussa cikin Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa aka riƙa koyar da shi a matsayin darasi guda. Sai da suka zauna suka rubuta littattafai, suka ƙirƙiro kalmomin kimiyya da babu su a da. Da aka gwada, yaran ba su gaza ba, hasali ma sun zarce takwarorinsu a darussa da dama, har a Turancin kansa ba a bar su baya ba.

Masu suka sun ce ai gata ne ya yi aiki: malamai horarru, littattafai sababbi, ga tallafin Gidauniyar Ford. Magana ce mai nauyi, sai dai ajin da aka kwatanta su da shi ma ya samu sabuwar manhajar, harshen koyarwa ne babban abin da ya bambanta. Ni dai hujjar Fafunwa ta fi gamsar da ni. Ɗan ma'aikaci da ke jin Turanci a gida ba ya asarar komai idan malam ya fara da Turanci. Ɗan manomi a ƙauyen Jigawa kuwa zai yi shekara uku yana haddar abin da bai fahimta ba, daga baya a ce ba shi da kai.

Fafunwa ya riƙe ma'aikatar ilimi daga 1990 zuwa 1992, amma gwajin bai zama tsarin ƙasa ba. A 2022, zamanin Ministan Ilimi Adamu Adamu, aka amince da shekara shida cikin harshen uwa, ba a tanadi isassun malamai da littattafai ba, bayan shekara uku aka soke. Manufar da ba a taɓa aiwatar da ita yadda ya kamata ba, bai dace a yanke mata hukuncin gazawa ba.